Goran Iya Falmata

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin wata Laraba ruwa ya fara shigowa fadamar da muke ɗaukar fim a cikinta. Bai zo da ƙarfi ba. Siririn layi ne kamar an kifar da buta, yana bin tsagin busasshiyar laka yana tura karmami a gabansa. Ina durƙushe a bayan motar kaya ina ɗinke hannun wata riga na ji direba ya ce, "Jama'a, an sako ruwa daga dam." Daga nan kowa ya fara sauri, kuma a sana'armu sauri ne yake fasa kaya.

Zan dawo kan wannan yammacin. Na fara da shi ne saboda ku matasan da kuke zuwa shagona a Haɗeja kuna cewa in koya muku haɗa kayan fim kafin hutun makaranta ya ƙare. Kwanaki ɗayanku ya ce da ni, "Anti, ai ba wani abu ba ne, gwanjo za ka shiga ka kwaso tsummokara." Ban ba shi amsa ba, don ban iya mayar da magana nan take ba. Tun ina ƙarama sai na koma gida amsa take zuwar mini. To ga ta a rubuce.

Aikin farko da aka ba ni riga ce sabuwa fil, fara, aka ce in mayar da ita ta manomin da ya shekara goma yana noma da ita. Lokacin ina ɗaliba, idan na taso daga makaranta sai in zauna a shagon ƙanin mahaifina, Baffa Isa, tela ne da masu shirya fim suke kawo wa ɗinki. Saboda kullum da littafi a hannuna yake kirana Malama. Na kwashi rigar na tumurmusa ta a ƙasa, na yage ta a wurare, na kawo masa. Ya ɗaga ta ya juya gaba da baya.

"Malama, mai rigar nan kura ce ta kama shi?"

"A'a, Baffa, manomi ne."

"Da wane hannu yake riƙe fartanya?"

Na sake duba rigar, ya ci gaba.

"A wace kafaɗa yake saɓa ta in zai koma gida? Yana da mata? In yana da ita, ina facin da ta yi masa?"

Ya miƙo mini wata sabuwar ya ce in sake. Ranar na gane cewa tufa ba ta tsufa ko'ina da ko'ina. Inda jiki yake aiki nan take cinyewa: wuya, hammata, bakin aljihu, kafaɗar da take ɗaukar kaya. Kayan aikinmu ba su da tsada. Ganyen shayi da kanwa a tukunya don kashe farin yadi. Toka, gawayi, man gyaɗa, jar ƙasa da baƙar laka, kowacce a gwangwaninta. Dutsen goge kaushi don cinye bakin hannu. Allura, basilla, da reza. Sai hayaƙin murhu, wanda babu abin da yake tsufar da kaya kamarsa, amma ba ya karɓar gaggawa.

Masu kawo aiki kuwa sai haƙuri. Darakta zai zo bayan la'asar ya ce gobe da safe yana son sojoji ashirin. Wata jaruma ta taɓa jefo mini zane a fuska ta ce masoyanta ba za su gan ta cikin wannan ba, alhali a labarin icce take sayarwa. Baffa ya ɗauki zanen ya kakkaɓe ya ce, "Hajiya, to mu sa miki leshi, sai mu ce iccen na zinare ne." Ta yi dariya, ta ɗaura.

Amma rabin sana'ar nan ba ɗinki ba ne, aro ne. Tsohon ƙyaure, akushi, sirdi, fitilar ƙwai, ba a kasuwa ake samunsu ba, a ɗakunan mutane suke, kuma kowanne da wanda ya bar shi. Dokar Baffa a kan aro ita ce ka zauna, ka sha ruwan gidan, ka ji labarin abin kafin ka taɓa shi. Idan an gama kuma, wanda ya karɓo shi yake mayarwa. Ba a aike.

Fim ɗin da kuka san ni da shi, wanda kowa yake kira Mai Gora duk da ba sunansa ke nan ba, wani matashin darakta ne mai suna Kabiru ya kawo mana labarinsa. Ga waɗanda ba su gani ba: an nuna wani zamani mai zuwa da kogin Haɗeja ya ƙafe ƙaf, wasu mutane da ake kira Masu Makulli suka rufe duk rijiyoyi suna auna wa jama'a ruwa da murfin kwalba. Suna yawo a babura, fuskokinsu a rufe. A cikin wannan duniya akwai wani masunci da yake tafiya da goran su a bayansa, irin babban goran nan da masunta suke kwanciya a kai su yi iyo, su jefa kifi ta bakinsa. Duk inda ya bi ana yi masa dariya ana cewa, "Mai Gora, ina ruwan?" Shi kuma ya ce, "Yana hanya."

Fuskokin Masu Makulli da tsohon tib na taya muka yi su, muka lulluɓe idanun da guntayen taru. Rigunansu buhunan shinkafa ne da muka dafa a baƙar laka. Wannan duk bai ba mu wahala ba. Goran ne ya gagara. Na zaga kasuwar Kafin Hausa da ta Miga, duk wanda na kawo sai Kabiru ya girgiza kai ya ce wannan gora ne kawai, shi yana son wanda in an kalle shi za a san ya ga ruwa.

A wani ƙauyen masunta a gefen Baturiya na same shi, rataye a ɗakin wata tsohuwa, Iya Falmata. Na mijinta ne da ya rasu. Ya yi baƙi yana sheƙi kamar an shafe shi da mai, cikinsa ya lotse kaɗan inda ƙirjin mutum ya daɗe yana kwanciya, ga ɗinki uku a jikinsa da zaren saiwar goruba. Na zauna, na sha ruwa, na gaya mata abin da ya kawo ni.

"Wasan kwaikwayo za ku yi da shi?"

"Eh, Iya."

"Zai shiga ruwa?"

"A'a. A labarin babu ruwa ko kaɗan."

"To me gora zai yi a inda babu ruwa?"

"Mai shi yana jiran ruwan ya dawo ne."

Ta daɗe tana kallon goran. Sannan ta ce, "Sauko da shi, 'yar nan. Amma ke za ki dawo mini da shi, da hannunki."

A ƙarshen labarin Masu Makulli suna fasa goran a gaban jama'a. Don haka tilas a yi na biyu wanda za a fasa. Wannan shi ne aikin da na fi kowane ba wa lokaci a rayuwata. Na nemo gora mai girman daidai, na rataye shi a saman murhun gidanmu har mahaifiyata ta gaji da bugun kai da shi. Kullum in sauke in shafa man gyaɗa da gawayi in mayar. Na je wurin wani gyartai a kasuwa ya koya mini huda ƙwarya da tsinke mai zafi da jan zare ba tare da ta ƙara tsagewa ba, na tsaga nawa a wurare uku na ɗinke kamar na ainihin. Da na ajiye su gefe da gefe Baffa ya sa tabarau ya duba ya duba, ya ce, "Malama, ɗaura wa na mutane alama, kafin ke ma ki rasa gane shi." Na ɗaura wa na Iya jan zare a wuya.

Yanzu mu koma ranar Laraba. Da rana an ɗauki wata fitowa da kamara take matsowa dab da goran, Kabiru ya ce jan zaren yana fitowa, na kwance shi. Jarumin, Ɗanjuma, ya ci gaba da aiki da goran Iya a bayansa, ni kuma aka kira ni gyaran riga. Fitowar fasawa sai washegari aka tsara. Amma da ruwa ya shigo, Kabiru ya ga in aka kwana busasshiyar fadamar da duk fim ɗin ya dogara da ita za ta zama tafki. Ya ce a yi fasawar yanzu-yanzu kafin rana ta faɗi. Wani ya tambaya ko wannan ne goran fasawa, wani ya duba wuyansa ya ce babu jan zare, shi ne.

Da na zagayo daga bayan mota, na biyun yana nan a cikin buhunsa inda na ajiye shi. Na ɗaga kai na hango Ɗanjuma a durƙushe, an sauke goran a gabansa, shugaban Masu Makulli ya ɗaga taɓarya sama. Ni da ko a aji ba a jin muryata, na kurma ihu na ce, "A'a!" Taɓaryar ta riga ta sauka.

Sabon gora in ya fashe ƙara yake yi mai kaifi. Wannan nishi ya yi. Ya rabe, sai ga busassun ɓawon kifi suna zubowa, da wata tsohuwar ƙugiya, warin kifin shekaru ya tashi. Ɗanjuma ɗan masunta ne. Warin yana dukan hancinsa ya gane abin da aka fasa. A rubuce, tashi zai yi ya yi faɗa. Bai tashi ba. Ya shimfiɗa gaban rigarsa ya fara tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ga siririn ruwan nan ya iso yana taɓa gwiwarsa. Mai kamara bai tsaya ba. Kabiru bai ce a yanke ba. Abin da kuke gani a ƙarshen fim ɗin ke nan, babu wanda ya rubuta shi.

Da muka koma masauki mai kuɗin fim ɗin ya kira ni gefe. "Ki kai mata sabon. Tsohuwa ce, idonta ya yi rauni. Mu masu ido ma ba mu bambance ba." Na dubi Baffa. Yana ninke buhuna, bai ɗago ba ya ce, "Ke kika karɓo, Malama."

Da safe na ƙulle gutsattsarin a zane, na ɗauki sabon goran, na tafi da su duka biyun. Na tarar da Iya tana tsince shinkafa. Na ajiye ƙullin a gabanta na kwance, na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Na ce ga wani na yi mai kama da shi, in tana so. Ta jawo sabon, ta shafa cikinsa, ta kai hancinta bakinsa.

"Wannan bai taɓa ganin kifi ba," ta ce, ta ture shi.

"Iya, me zan yi?"

Ta ɗaure ƙullin, ta miƙe da shi, ta shiga ɗaki ta saki asabari.

Shekarar da ta biyo ita ce mafi muni da na gani a sana'a. Labari ya bi kasuwanni cewa 'yan fim sun fasa kayan mamaci don wasa. Duk ƙofar da na ƙwanƙwasa neman aro, ko tabarma ce, sai a ce ai an bayar. Wani dattijo a Miga da ya saba ba mu sirdi ya ce da Baffa, "Isa, ni da kai babu komai, amma kayana ba za su ƙara kwana a waje ba." Mai haɗa kaya da ba a ba shi aro ya tashi daga aiki, sai masu shirya fim suka koma ɗaukar wasu daga Kano. Fim ɗin kansa da aka kai wa 'yan kasuwa, suka kalla suka ce ina waƙa, ina soyayya, wa zai sayi ƙishirwa ya kai gida? Kaɗan aka buga, kaɗan ɗin ma suka yi kwantai. Mai kuɗin ya koma fataucin shinkafa, Kabiru ya koma ɗaukar bikin aure. Ni da Baffa muka koma ɗinkin kayan makaranta da sa maɓalli. A shekarar ne idon Baffa ya fara dushewa, ya bar mini keken.

Ban daina zuwa ƙauyen ba. Bayan girbi ina zuwa, da kowace sallah ina zuwa. Iya tana amsa gaisuwa, tana sa a kawo mini ruwa. In na ce, "Iya, maganar nan, me zan yi?" sai ta juya ta kori kaza, ko ta tambaye ni ko an yi ruwa a Haɗeja. Na taɓa kai mata atamfa, ta sa aka biyo ni da ita har bakin hanya.

Yadda fim ɗin ya tashi daga kabari babu wanda ya shirya. Masu tura fina-finai a waya ne suka riƙa cusa shi a matsayin gyara in mutum ya sayi wasu. Sai na fara jin abu a gari. Famfo ya ƙafe a unguwarmu, wata mata ta ce yaushe za a kawo ruwa, yaran layi suka haɗa baki, "Yana hanya!" A ɗauke wuta, yana hanya. Albashi ya makara, yana hanya. 'Yan acaɓa suka fara zana gora a tankin babur. Gidajen kallo suna sa shi in babu ƙwallo, mutanen da suka haddace shi suna faɗin magana kafin jarumi ya faɗa, amma in aka zo wurin tsintar gutsattsari sai ɗakin ya yi tsit. Masu noman fadama da ciyawar kachalla ta cinye musu gona, da masuntan da kifi ya yi musu ƙaranci, ba sa kallonsa a matsayin labarin wani zamani mai nisa. Har musu ake yi a kan muryar macen da ake ji ta ce "A'a!" alhali babu mace a wurin. Wasu su ce uwar Mai Gora ce, wasu su ce kogin ne da kansa. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Aiki ya dawo. Ɗalibai suna zuwa daga nesa su ɗauki hoton sabon goran da yake rataye a shagona, suna zaton shi ne. Nakan gaya musu ba shi ba ne. Ƙofofin aro ma suka fara buɗewa, amma ba duka ba, kuma ba a ƙauyen Iya ba.

Bara, bayan ruwa ya janye, jikanta Modu, wanda yake acaɓa a Haɗeja, ya tsaya a ƙofar shago. Akwai zanen gora a tankinsa. Ya ce, "Anti, Iya ta ce ki zo mata da wasan nan. Wai ta gaji da jin yara suna cewa yana hanya, tana so ta ga abin da yake hanyar."

Na je da hantsi. Ta ƙara tsufa, sai an riƙe ta take fitowa. Muka zauna a inuwar ɗaki, na riƙe mata wayar dab da fuskarta. Faɗace-faɗacen babura ba su dame ta ba, har ta ce waɗannan masu baƙar fuska ba su da aikin yi ne? Amma da kamara ta matso kan goran, ta kama hannuna.

"Tsaya nan."

Na tsayar. Ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"Wannan ɗinkin, kututture ya buga a shekarar da ruwa ya ci shinkafa. Wannan kuwa ni ce. Na ajiye shi a ƙofa jaki ya taka. Kwana maigidan ya yi bai yi mini magana ba." Ta ɗan murmusa. "Ci gaba."

Da aka zo ƙarshe na so in rage ƙara, ta hana. Taɓarya ta tashi. Muryar ta fito. Goran ya rabe, Ɗanjuma ya shimfiɗa rigarsa yana tsinta, ruwa yana taɓa gwiwarsa. Ba ta ƙifta ido ba.

"Mayar baya."

Na mayar. Ta sake saurara, kunnenta a jikin wayar.

"Wace ce ta yi ihun nan?"

"Ni ce, Iya."

"Ke? Ke da sai na matso nake jin gaisuwarki?"

"Ni ce."

"Shi kuma yaron da yake tsincewa, ce masa aka yi ya yi haka?"

"Ba wanda ya ce masa."

Ta ci gaba da kallo har hoton ya ƙare, sunaye suka fara hawa. Sannan ta ce da Modu ya shiga ɗaki ya duba ƙarƙashin gado. Ya fito da ƙulli. Zanena ne na wancan lokacin, ɗaurin da ta yi masa a gabana ba a taɓa kwance shi ba. Ta tura mini shi da hannu biyu.

"Kin daɗe kina tambayata me za ki yi. Kin zo da allurarki?"

Na ce kullum tana jakata. Na kwance ƙullin na duba gutsattsarin, manya da ƙanana, wasu ba su fi farce ba. Na ce, "Iya, zan iya haɗa shi. Amma ko na ɗinke, ba zai ƙara shiga ruwa ba."

"Mai shi ma ba zai ƙara shiga ba," ta ce. "Ɗinka, 'yar nan. A nan za ki zauna ki yi, ina kallo."